Portainer ya ƙi karɓar imej ɗin da na gina da kaina, dole sai na ɗora a Docker Hub?

Tambayar wani ɗan'uwa ce. Yana da tsohuwar kwamfutar tebur da ya mayar saba a gida, Ubuntu a kanta da Docker, mai tada manhajoji a cikin 'yan akwatunan da ake kira kwantena, da Portainer, shafin burauza na sarrafa Docker ɗin, ya sa Jellyfin da Pi-hole duk suna aiki lafiya. Sai ya rubuta wata 'yar manhaja da Python ta lissafin kayan shago, ya gina imej ɗinta, wato ƙunshin manhajar da Docker ke tada kwantena da shi, a laftof ɗinsa ya sa mata suna lissafi, a laftof tana tashi ba matsala, amma da ya shiga Portainer ya danna Add container ya rubuta sunan sai ga jan saƙo: pull access denied for lissafi, repository does not exist or may require docker login. Shi ne yake tambaya ko dole sai ya ɗora ta a Docker Hub, ma'ajiyar imej ta intanet, alhali ba ya son kowa ya ga kod ɗinsa.

A'a ɗan'uwa, ba dole ba ne ko kaɗan, kuma kar ka ɓata lokacinka kan docker login ɗin nan da saƙon ya ambata, ba can matsalar take ba.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne Portainer ba shi yake ajiye imej ba, ba shi yake tada kwantena ba. Ɗan aike ne kawai, ka danna maɓalli ya kai saƙo wajen Docker ɗin da ke kan sabar ta fayil ɗin nan /var/run/docker.sock da ka haɗa masa ranar da ka girka shi, Docker ya yi aikin ko ya ƙi, shi kuma ya dawo maka da amsa. Toh shi Docker in ka ba shi suna tsurarsa haka babu adireshi a gaba, da kansa yake cike gurbin. Ka rubuta lissafi, shi abin da ya ji shi ne docker.io/library/lissafi:latest, kuma library ɗin nan wurin imej-imej ne na hukuma irin su nginx da postgres da redis. Ya je can ya duba, babu wani lissafi, ya dawo da wannan saƙon. Shikenan abin da ya faru.

Kuma matsala biyu ce a kan juna a nan, mutane su kan warware ɗaya su zaci sun gama. Ta farko imej ɗin ma baya kan sabar, yana laftof. Docker na laftof daban, na saba daban, kasancewarsu a kan wifi ɗaya bai sa sun san abin da ke cikin juna ba. Ka buɗe shafin Images a Portainer ka duba, ko ka shiga sabar ta ssh ka rubuta docker image ls, ba za ka gan shi ba. Ta biyu, ko da ka kai shi can, a shafin Add container akwai wani ɗan makunni mai suna Always pull the image a ƙasan inda ake rubuta suna, in yana kunne Docker zai tafi intanet neman imej ɗin ko da ga shi nan zaune a kan diski, kuma saƙon nan dai zai sake fito maka. Sai ka kashe shi.

Kafin mu kai ga yadda za ka ɗauke shi, dan Allah ka fara ba shi lamba. Maimakon docker build -t lissafi . ka riƙa yin docker build -t lissafi:1.0 . sannan gobe in ka gyara wani abu 1.1, haka dai. Wannan latest ɗin da Docker ke liƙawa da kansa suna ne kawai, baya nufin sabo, baya bin diddigin komai. Zan dawo kan dalilin da yasa nake matsa wa wannan.

Hanya mafi sauƙi, wadda ko megabait ɗaya na data ba ta ci, ita ce ka ƙunshe imej ɗin ya zama fayil ka kai shi. A laftof:

docker save lissafi:1.0 | gzip > lissafi-1.0.tar.gz

ka kwafe shi a filash ko ka tura ta scp, a sabar kuma:

docker load -i lissafi-1.0.tar.gz

ba sai ka warware gzip ɗin ba, load yana ganewa. In kuma ssh na aiki tsakaninsu ma layi ɗaya ya isa, docker save lissafi:1.0 | ssh admin@192.168.1.20 docker load, ka sa adireshin taka sabar. Wanda baya son taminal, a shafin Images na Portainer akwai maɓallin Import, ka zaɓi fayil ɗin ta burauza, aikin dai ɗaya ne, sai dai in imej ɗin babba ne kuma wifi ɗin ba ƙarfi na fi son ssh. Abu biyu ka kiyaye. Ka yi save da suna da lamba, kar ka yi da dogon ID ɗin nan, in ka yi da ID zai iso sabar babu suna, za ka ga none none a jerin ka rasa wanne ne. Sannan kar ka rikita save da load da wasu umarni biyu masu kama da su, export da import. Export fayilolin cikin kwantena kawai yake kwasowa, ya bar CMD da ENV da sauran bayanan da ke gaya wa Docker yadda zai tada manhajar, sai ka samu imej da ya ƙi tashi yana cewa ba a ba shi umarni ba.

Akwai kuma maganar furosesa, wannan tana kama mutane sosai yanzu. In laftof ɗinka MacBook ne na M1 ko waɗanda suka biyo bayansa, wato daga ƙarshen 2020 zuwa yau, imej ɗin da ka gina na arm64 ne, tsohuwar kwamfutar tebur ɗinka mai Intel ko AMD kuma amd64 ce. Load zai yi lafiya lau, Portainer zai ce an tada kwantena, daƙiƙa ɗaya sai ta mutu, ka buɗe Logs ka ga exec format error. Haka ma in aka juya, laftof na Intel saba kuma Raspberry Pi. A sabar ka rubuta uname -m, in ta ce x86_64 to amd64 kenan, in ta ce aarch64 arm64 ce. Shi kuma imej ɗin ka tambaye shi da docker image inspect lissafi:1.0 ka nemi layin Architecture. In ba su dace ba ka sake ginawa da docker build --platform linux/amd64 -t lissafi:1.0 . zai ɗan yi nawa saboda kwaikwayon furosesar yake yi, amma zai fito daidai.

Wannan ne ma yasa ga mai saba ɗaya na fi ba da shawarar a gina a kan sabar kanta. Ka ajiye kod ɗin a Git, ma'ajiya mai zaman sirri a GitHub kyauta ce, a sabar ka yi git pull sannan docker build, imej ya fito a inda za a yi amfani da shi kuma da furosesar da ta dace, babu ɗauke-ɗauke. Portainer ma yana da Build a new image a ƙarƙashin Images, sai dai nan akwai inda ake tuntuɓe: in ka zaɓi Web editor ka liƙa Dockerfile, wato fayil ɗin umarnin gina imej, shi kaɗai, duk layin COPY zai faɗi, saboda app.py da requirements.txt ɗinka ba su bi shi ba, Docker ba shi da inda zai kwafo su. Kana iya ɗaure folda ɗin gaba ɗaya a tar ka yi Upload, ko ka ba shi adireshin Git ta URL. In kuma ya ce maka wani layi requires BuildKit to ka bar burauza ka gina a taminal.

Tunda muna kan Dockerfile, yadda ka jera layukan yana shafar datarka kai tsaye:

FROM python:3.12-slim
WORKDIR /app
COPY requirements.txt .
RUN pip install --no-cache-dir -r requirements.txt
COPY . .
CMD ["gunicorn", "-b", "0.0.0.0:8000", "app:app"]

Imej falle-falle ne, kusan kowane layi falle ɗaya, kuma Docker yana adana kowane falle, baya sake shi sai in wani abu ya canza a kansa ko a wanda ke gabansa. In ka sa COPY . . a sama kafin pip install, ko waƙafi ɗaya ka gyara a kod sai ya sake sauke duk fakitocin daga intanet. In ka jera kamar yadda na yi, sai ranar da requirements.txt ya canza kawai zai sake saukewa, sauran ranaku ginin daƙiƙu ne. Wanda ke sayen data da kuɗinsa ya san bambancin.

Toh imej ya iso sabar. Ni ba na son Add container ga abin da zai daɗe yana aiki, saboda duk abin da ka cike a fom ɗin yana cikin kwantenar ne kawai, ranar da ta goge sai ka zauna tunanin wane fot ka sa wace folda ka haɗa. Ka je Stacks, Add stack, Web editor, ka liƙa irin wannan:

services:
  lissafi:
    image: lissafi:1.0
    pull_policy: never
    restart: unless-stopped
    ports:
      - "8090:8000"
    environment:
      - TZ=Africa/Lagos
    volumes:
      - /srv/lissafi/data:/app/data

Layin pull_policy: never shi ne ke gaya wa Compose, ɓangaren Docker mai karanta irin wannan rubutun, kar ya kuskura ya fita waje nema, in babu a gida ya faɗa maka babu. Sannan duk lokacin da ka danna Update the stack wani akwati zai fito da makunnin Re-pull image, shi ma ka bar shi a kashe. Ka kwafi wannan rubutun ka ajiye tare da kod ɗinka a Git, ranar da diskin sabar ya mutu shi ne zai dawo maka da komai cikin minti kaɗan.

Ka lura na rubuta cikakkiyar hanyar folda, /srv/lissafi/data, ban rubuta ./data ba. A taminal ./data na nufin kusa da fayil ɗin compose, amma Portainer yana ajiye fayilolin Stacks ɗinsa a /data/compose/ da wata lamba, sai bayananka su tafi wani lungu da ba ka san da shi ba, ka zo yin ajiyar kariya ka kwafi folda wadda babu komai a ciki. Dalilin nan ne kuma yasa build: . baya aiki a Web editor, babu Dockerfile a inda yake dubawa. In kana son Portainer ya gina da kansa daga compose sai ka zaɓi Repository, ya sauko da ma'ajiyar Git ɗin gaba ɗaya. Wani abu kuma, in ka tada compose ɗin daga taminal, Portainer zai nuna shi amma da alamar Limited, ba zai bari ka gyara rubutun daga burauza ba. Ka zaɓi wuri ɗaya ka tsaya a kai.

Yanzu maganar lambar da na ce zan dawo kanta. Ga abin da ke faruwa da masu latest: mutum ya gyara kod, ya sake gini da suna ɗaya, ya danna Restart a Portainer, ya buɗe shafin ya ga babu abin da ya canza, ya koma yana binciken kod ɗinsa alhali kod ɗin ƙalau yake. Kwantena a ɗaure take da ainihin imej ɗin da aka haife ta da shi, ta ID, ba ta suna ba. Restart tsohuwar ce dai ta kwanta ta tashi. Sai an rushe ta an yi sabuwa, wato Recreate, kafin sabon imej ya hau. In kana da lamba kuwa, ka buɗe Editor, ka mayar da 1.0 ya zama 1.1, Update the stack, Compose ya ga sunan ya canza ya yi sabuwar kwantena da kansa. Kuma in 1.1 ta zo da kwaro ana tsaka da ciniki, ka mayar 1.0 ka sake dannawa, tsohon imej yana nan bai je ko'ina ba. Mai latest ba shi da wannan damar, sabon gini ya ƙwace sunan, tsohon ya koma none, shara ta farko za ta tafi da shi.

Sharar nan ma a yi hattara da ita. A shafin Images za ka ga wasu da alamar Unused, hannu na ƙaiƙayin a zaɓe su duka a goge, haka ma docker image prune -a ko docker system prune -a da ake yawan gani ana ba da shawara in diski ya cika. Ga nginx ko Jellyfin ba komai, a sake saukowa. Amma naka imej ɗin babu inda za a sauko da shi, in ka sauke stak ɗin na ɗan lokaci sannan ka yi shara, ya tafi kenan, sai in kana da tar ɗin ko kod ɗin da za ka sake ginawa. In kuma kana da Watchtower mai sabunta kwantenoni da kansa, zai riƙa ƙoƙarin jawo lissafi daga Docker Hub yana cika maka log da kuskure, ka sa wa kwantenar label com.centurylinklabs.watchtower.enable=false ya ƙyale ta.

In abin ya girma, kana canza kod kowane mako, ko ka ƙara na'ura ta biyu, to lokacin rajistiri ya yi, wato ma'ajiyar imej taka ta cikin gida. Wannan fa ba wani abin tsoro ba ne, kwantena ce ita ma, imej ɗinta registry:2, tana sauraro a fot 5000, ka haɗa mata folda a /var/lib/registry don kar abin da ka tura ya ɓace. A laftof sai ka sa wa imej adireshin a cikin sunansa:

docker tag lissafi:1.1 192.168.1.20:5000/lissafi:1.1
docker push 192.168.1.20:5000/lissafi:1.1

Ribarta a kan save ita ce fallen da ya canza kawai ake turawa, ba duka imej ɗin ba kowane lokaci. Karon farko push zai ƙi, zai ce server gave HTTP response to HTTPS client, saboda Docker baya yarda da rajistirin da ba shi da satifiket sai ka gaya masa. A Linux ka buɗe /etc/docker/daemon.json ka sa adireshin da fot ɗin a ƙarƙashin insecure-registries ka sake tada Docker, a Docker Desktop kuma yana Settings, Docker Engine. A ɓangaren sabar akwai 'yar dabara da za ta hutar da kai: ka rubuta image: localhost:5000/lissafi:1.1 a stak, Docker yana yarda da localhost ba tare da wani saiti ba, kuma ita rajistirin ba ruwanta da ta wane adireshi aka zo mata, lissafi:1.1 kawai ta sani. Kaga ba sai ka taɓa daemon.json na sabar ba, ba sai ka sake tada Docker duk sauran kwantenoni su ɗauke ba. A wannan tsarin sai ka cire pull_policy: never tunda yanzu akwai inda za a jawo. Ka kuma ɗaure wa sabar IP ɗaya a rauta, don in wuta ta ɗauke ta dawo rauta na iya ba ta wani adireshin daban, push ya riƙa zuwa inda babu kowa. Fot 5000 ɗin ma yana da masu shi da yawa, Flask na gina shafuka da Python nan yake zama in ba ka canza ba, DSM na Synology ma nan, AirPlay a sababbin macOS ma nan, in ya ce fot a kame yake ka fitar da ita ta 5050 ko wani. Kuma wannan rajistirin yadda take babu kalmar sirri, duk wanda ke kan wifi ɗin gidan zai iya jawowa ko turawa, don haka kar ka buɗe mata ƙofa a rauta zuwa waje.

Ko kuma ka bi ta intanet amma a sirrance, Docker Hub na ba asusun kyauta ma'ajiyar sirri guda ɗaya, ghcr.io na GitHub ma yana karɓar imej na sirri. A Portainer ka je Registries, Add registry, ga ghcr ka zaɓi Custom registry ka sa ghcr.io da sunan asusunka da token mai izinin read:packages kawai, kar ka sa ainihin kalmar sirrinka. Yana aiki sosai, illarsa kawai imej ɗin zai hau sama da datarka ya sake saukowa da datarka, alhali na'urorin biyu suna ɗaki ɗaya. Amma ko ba za ka tura komai can ba yana da kyau ka sa asusun Docker Hub a Portainer, tun Nuwamba 2020 suka sa iyaka ga mai jawowa ba tare da asusu ba, a lokacin sau 100 ne cikin awa 6, kuma da IP ake ƙirgawa. Mu da ke amfani da layin waya ko MiFi, kamfanonin su kan haɗa ɗimbin mutane a kan IP ɗaya, sai ka ga toomanyrequests alhali kai ko sau biyar ba ka jawo ba.

Saura abubuwan da za su biyo baya da zarar kwantenar ta tashi, don waɗanda suka gina Jellyfin da Pi-hole sun riga sun share maka waɗannan hanyoyin ba ka sani ba, a naka imej kai ne za ka share.

Portainer ya nuna kore, running, amma burauza ta ce ba ta samu shafin ba. Mafi yawan lokuta manhajar tana sauraro ne a 127.0.0.1, wanda a cikin kwantena yana nufin ita kanta kaɗai, ko sabar da take zaune a kai ba za ta iya shiga ba. Flask haka yake in ka bar shi yadda ya zo, shi yasa na sa 0.0.0.0 a layin CMD. EXPOSE kuma da ake rubutawa a Dockerfile bayani ne kawai, baya buɗe komai, layin ports ne ke buɗewa, na hagu na sabar na dama na cikin kwantena. Da misalin sama adireshin zai zama 192.168.1.20:8090. Ka sani kuma fot ɗin da Docker ya buɗe yana tsallake ufw, katangar tsaron Ubuntu, ko ka rufe a can a buɗe yake ga duk na'urar da ke gidan.

Sai izinin fayil. Wasu su kan kwafo PUID=1000 da PGID=1000 daga wani compose su liƙa, su yi mamakin ba abin da ya canza. Waɗannan ba na Docker ba ne, tsari ne na imej-imej ɗin linuxserver.io, akwai rubutun da ke karanta su a ciki lokacin tashi, naka imej bai san da su ba. Kai abin da za ka sa shi ne user: "1000:1000" a compose, sannan a sabar ka yi chown 1000:1000 /srv/lissafi/data, don in folda ɗin babu shi Docker zai ƙirƙira da kansa amma a matsayin na root, manhajarka ta zo rubutu a ce permission denied, ko SQLite ya ce unable to open database file.

Kuma ka tabbata fayil ɗin bayanan yana cikin /app/data ɗin da ka haɗa, wannan ita ce wadda ta fi ban tsoro a duk maganar nan. In yana wani wuri a cikin kwantenar, komai zai yi aiki lafiya sati da satittika, Restart ba zai taɓa shi ba, ɗaukewar wuta ma ba za ta taɓa shi ba, sai ranar da ka hau 1.1 aka rushe tsohuwar kwantena, lissafin shagon gaba ɗaya ya bi ta, bashin da ake bin mutane da komai. Gwajin mai sauƙi ne kuma ka yi shi tun kafin ka fara shigar da lissafin gaskiya: ka shigar da kaya ɗaya na gwaji, ka leƙa /srv/lissafi/data a sabar ka ga fayil ya bayyana, ka yi Recreate, ka duba ko kayan yana nan.

TZ ɗin da na sa ma da dalili. Kwantena da agogon UTC take tashi, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da awa ɗaya, don haka cinikin da aka shigar sha biyu da rabi na dare zai faɗa lissafin jiya, a ƙarshen wata jimilla ta ƙi daidaita da littafi. Africa/Lagos ko Africa/Niamey duk ɗaya ne. In tushen imej ɗinka alpine ne zalla sai ka girka tzdata a ciki, in ba haka ba TZ ɗin ba zai yi tasiri ba.

In Logs ya fito fayau babu komai, Python ne ke riƙe rubutun, ka ƙara PYTHONUNBUFFERED=1, kuma manhajar ta riƙa buga bayananta a fili maimakon cikin wani fayil, don abin da ta buga ne kawai Portainer ke gani. In kwantenar na tashi tana mutuwa tana tashi, da lambar fita 0, to umarninka ya gama aikinsa ne ya fita ko ya koma bayan fage, ita kuwa kwantena tana raye ne muddin umarnin farko na raye. In kuma ka rubuta entrypoint.sh a Windows aka ce no such file or directory alhali ga fayil ɗin kana gani, ƙarshen layukan ne na Windows, ka mayar da su LF a editarka ka sake gini.

Maganar sirri tunda ita ce damuwarka tun farko: COPY . . komai yake kwashewa, har .env mai kalmomin sirri da folda .git da tsohon fayil ɗin bayanai. Ko ka goge su a layi na gaba suna nan a fallen baya, duk wanda tar ɗin ya shiga hannunsa zai iya zaro su. Ka yi fayil .dockerignore ka jera su a ciki, kalmomin sirri kuma ka shigar ta Environment variables da ke ƙasan editan stak. Shi kansa Portainer, tunda yana riƙe da docker.sock, wanda ya shiga cikinsa tamkar ya zama root ne a sabar, fot 9443 ɗinsa ya tsaya cikin gida, in kana son shiga daga waje ka bi ta WireGuard ko Tailscale.

Ga wuta kuma, restart: unless-stopped zai tada kwantenar da zarar Docker ya tashi, amma sai kwamfutar ta kunna tukuna, ka shiga BIOS ka nemi saitin da ke cewa ta kunna kanta in wuta ta dawo, yawanci sunansa Restore on AC Power Loss ko AC Recovery. Sabunta tsaro ma yanzu a wuyanka yake, babu wanda zai sabunta maka python:3.12-slim ɗin da ke ƙarƙashin manhajarka, lokaci-lokaci ka gina da docker build --pull ya jawo sabon tushe, ka ba shi sabuwar lamba.

Mai amfani da wani shafin ba Portainer ba, maganar ba ta canza ba tunda Docker ne a ƙasa. Container Manager na Synology, wanda ya zo da DSM 7.2, yana karɓar tar ɗin save a ɓangaren Image kuma yana da Project na compose. TrueNAS SCALE ya bar Kubernetes ya koma Docker a sigar 24.10, yana da Install via YAML inda rubutun sama zai shiga. A Unraid akwatin Repository ne za ka sa sunan, zai riƙa nuna not available a wajen duba sabuntawa saboda babu inda zai duba, wannan ba lalacewa ba ce.

In ka bi duk wannan bai tashi ba, ka turo abin da uname -m ya ce a sabar, da layin lissafi a docker image ls na sabar, da rubutun stak ɗin bayan ka cire kalmomin sirri, da layuka ashirin na ƙarshe na Logs, in sha Allah daga nan za a ga inda ya tsaya.